Jan Tabon da Bai Taɓa Gani Ba

Ranar da ya fara shigowa shagon tabarau, sai da ya yi sallama sau biyu kafin Auta ta ɗago kai. Dogo ne, rigar aikinsa duk tabon man inji, da jakar kayan aiki rataye a kafaɗa. Ya zaro wani ɗan abu daga cikin safa, ya ajiye a kan tebur a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

"Idon madubin hangen nesa ne," ya ce. "Ƙura ta shige ciki. Ni gyaran lif nake yi, na'urar nan ta hawa bene, ina tsoron in buɗe shi da waɗannan hannayen."

Ta kwance shi, ta hure ƙurar, ta goge, ta mayar. Likitan ido, mai shagon, ya sha gaya mata ta riƙa jan masu zuwa da hira, don haka ta yi tambayar da ba ta damu da amsarta ba.

"Me kake hange da shi?"

Ai kuwa ta sosa masa inda ke ƙaiƙayi. Nan da nan ya zaro waya ya nuna mata hoton wata duniya mai zane-zane a kwance, da wani tabo a gefenta.

"Jupita ke nan, wadda malamai ke kira Mushtari. Wannan kuma Jan Tabo. Guguwa ce, girmanta ya fi duniyarmu, tun kafin a haifi kakanninmu take juyawa. Ni na ɗauka da kaina, daga saman bene."

"Kore ne," in ji Auta.

"Na'am?"

"Tabon naka. Kore ne shar."

Ya dubi wayar, ya dube ta, sannan ya dafe goshi. "Shi ya sa 'yan ƙungiyarmu ta masu kallon taurari suka yi tsit tun jiya! Ta gilashi uku nake ɗauka, ja da kore da shuɗi, sannan in haɗa. Na wanke su, ashe na musanya biyu." Ya rage murya. "Ba na bambance ja da kore. Haka aka haife ni."

"To ta yaya kake gyaran wayoyin lif?"

"Kowace waya da lambarta. Su dai taurari ne ba wanda ya rubuta musu lamba."

Da wata budurwar ce, da ta yi dariya. Auta dai ta ce ya kawo gilasan gobe ta yi musu alama, ta koma kan aikinta.

Ba wulaƙanci ba ne. Tun rasuwar yayarta haka take. Yaya tana tsallaka titi a mararrabar kasuwa, danja ta tsayar da motoci, wani direba bai tsaya ba. Aka yi kuka a gidan har muryoyi suka dushe, ban da Auta. Ita ta wanke kofunan masu gaisuwa, ta ninke kayan Yaya, ta koma aiki. Ba ta jin zafi, ba ta kuma jin daɗi. A tambaye ta me za a dafa, ko wace atamfa take so, amsa ɗaya ce: "Duk ɗaya." Umma tun tana faɗa har ta gaji ta koma kallonta kawai.

Washegari Mai Lif ya kawo gilasan. Ta karce gefen jan sau ɗaya, koren sau biyu, yadda zai gane da yatsa. Ya karɓi lambarta, wai don ya riƙa turo hoto ta duba kafin ya sake kunyata kansa a gaban duniya.

Da yamma saƙo ya shigo: "Malama mai tabarau, a taimaka wa makaho. Wannan fa?"

Ta rubuta: "Ja ya yi yawa. Kamar an yanka ta."

"Wannan?"

"Ya yi."

"Na gode, Idona."

Ta kalli kalmar na ɗan lokaci, ta kife wayar.

A haka aikin ya zama nasu su biyu. Da zarar rana ta faɗi, shi yana saman dogon benen da yake kula da lif ɗinsa, inda mai gidan ya bar masa ɗan ɗaki kusa da tankunan ruwa. Bidiyo yake ɗauka gajere, don duniyar tana juyawa da sauri, in ya daɗe sai zanen ya cakuɗe. A cikin dubban hotunan da ke bidiyon yawanci dishi-dishi ne saboda rawar iska, sai kwamfuta ta tsince 'yan kaɗan masu kyau ta ɗora su a kan juna. Da rana, lokacin hutun cin abinci, Auta takan buɗe su a kwamfutar shago ta daidaita launi.

Akwai wani ɗan farin ɗigo, ƙaramar guguwa, da ya hango a layin da ke ƙasan Jan Tabo. Kullum sai ya auna inda ya kai, ya tura wa ƙungiya. In duniyar ta faɗi a nan, wasu a wata ƙasa su ɗora daga inda ya tsaya. Ɗigon yana matsowa kusa da babbar guguwar a hankali, ana ta gardama ko za ta haɗiye shi ko zai wuce.

"Ke me kika gani, Idona?" ya rubuto.

"Duk ɗaya."

"A'a fa. Ni ina bayan ƙaramin."

Ya daɗe yana roƙo kafin ta yarda ta zo ta gani da idonta. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta raka ta, ba don son taurari ba sai don ta ƙare wa saurayin kallo. Tun da ƙofar lif ta rufe Gwaggo ta damƙe hannun Auta tana salati.

"Kai yaro, kai ka gyara wannan akwatin?"

"Ni ne, Gwaggo."

"To in muka faɗo, ka sani ban yafe ba."

A sama iska tana kaɗawa, sararin bai gama yin duhu ba. Madubin yana tsaye a kan ƙafafu uku, kaurinsa kamar bokiti. Gwaggo ta leƙa, ta ce ita ba ta ga komai ba sai gashin idonta, ta nemi kujera ta zauna.

Auta ta sunkuya. Da farko haske ne kawai yana rawa. Can sai iska ta lafa, duniyar ta tsaya cak, ga layukanta, ga 'yan watanninta a jere, ga tabon a gefe.

"Kin gan shi?" ya tambaya a hankali.

"Na gan shi."

"Wane irin ja ne? Ni shekara da shekaru ina bin sa, abin da nake gani kawai wuri ne da ya ɗan fi duhu."

Ta ƙura wa tabon ido. "Ba ja sosai ba ne. Kamar bulon da ya sha rana." Ta sake dubawa. "Kamar wani gyalen Yayata, bayan ya sha wanki."

Gwaggo ta ɗago kai da sauri. Tun ranar rasuwar ba wanda ya ji Auta ta ambaci Yaya.

"To daga yau haka zan riƙa ganinsa," in ji Mai Lif. Ya gyara tsayuwa, ya goge hannu a wando. "Auta, ina son ki. Ba don gyaran hoto ba. Ko da zan yi ta turo koren tabo har in mutu, ina so in aure ki."

"Ni ba na jin komai," ta ce. "Gara ka sani. Ba kai kaɗai ba, komai."

"Na lura. Amma kullum kina buɗe hotona kafin ki ci abinci. Wannan ya ishe ni in fara da shi."

"Ina nan fa, ban kurumce ba," in ji Gwaggo.

Likita ma ya lura da kusancinsu. Mutum ne mai tsabta da tsari, ya daɗe yana jiran Auta ta warware kafin ya yi magana, sai ga wani mai ƙanshin man inji yana neman shan gabansa. Ya ji hirarsu ta ranar farko, bai kuma manta ba. Wata rana ya kai wa Baba ɗinki, don Baba tela ne, ya zauna ana hira, ya saki maganar cewa Mai Lif ba ya bambance ja da kore, a matsayin shawarar likita. Bai yi ƙarya ba, ko kalma ɗaya. Ya dai san inda ya jefa ta.

Ranar da Mai Lif ya zo gaisuwa, Baba ya karɓe shi a shagon ɗinki da ke jikin gida. Mai Lif ya ajiye baburinsa a ƙofa, ya durƙusa. Aka kira Auta ta tsaya daga bakin labule. Baba bai yi doguwar magana ba. Ya ɗauko zare biyu daga kan keke ya ajiye a gabansa.

"Miƙo min jan."

Mai Lif ya dubi zaren. Yana iya cankar ɗaya, wataƙila ya dace. Ya sauke hannunsa.

"Baba, ba na bambancewa."

"Kuma kana hawa babur."

"Ina hawa. Na san a danja fitilar sama ita ce tsaya, ta ƙasa ita ce wuce. Ban taɓa..."

"Wanda ya kashe min 'ya," Baba ya katse shi, muryarsa ba ta ko tashi ba, "da aka tambaye shi, cewa ya yi bai ga ja ba. Saura ɗaya gare ni. Ba zan ɗora ta a bayan wanda bai taɓa ganin ja ba tun da aka haife shi." Ya juya. "Auta, kin ji. Kina da magana?"

Ta neme ta. Da gaske ta duba cikin zuciyarta ko za ta sami wani abu, ta tarar da wurin fayau kamar kullum. Bakinta ya faɗi abin da ya saba.

"Yadda ka ce, Baba. Duk ɗaya."

Mai Lif ya miƙe, ya yi godiya, ya fita. Ba ta ji tashin babur ba. Ta taga ta hango shi yana tura shi da hannu har ya sha kwana.

Saƙonsa ya zo bayan sallar isha'i: "Maganar Baba na fahimce ta, ko ni ne haka zan yi. Taki ce na rasa inda zan ajiye. Ba zan ƙara damun ki ba. Allah ya ba ki wanda ba ɗaya yake da kowa ba a wurinki."

Ta karanta, ta sa waya a caji, ta kwanta, ta yi barci. Abin da ya fi ba ta tsoro ke nan daga baya, cewa ta yi barci.

Kwanaki suka yi ta wucewa. Ta yanka gilasai, ta ɗaure ƙananan kusoshi, ta ce wa masu zuwa su karanta layin ƙasa. Likita ya fara sauke ta a gida da motarsa, yana tsayawa tun danja ba ta gama canzawa ba, yana satar kallonta ko ta lura. Da ya ce zai turo manyansa, ta ce, "To." Umma ta tambaye ta ko tana son sa, ta buɗe baki, Umma ta ɗaga hannu.

"Kar ki faɗa. Na san amsar."

Lokacin hutun rana ne kawai ya zame mata matsala. Takan zauna gaban kwamfuta da abincinta, babu abin buɗewa. Wata rana hannunta ya kai ta shafin ƙungiyar da kansa.

Yana nan yana aikinsa. Kullum da hotonsa, da awon inda farin ɗigon ya kai. Ɗigon ya iso dab da babbar guguwar. Amma hotunan duk fari da baƙi ne. A ƙarƙashin na farkonsu ya rubuta: "A yi haƙuri, daga yanzu babu launi. Idona ba ya kusa."

Wani daga wata ƙasa ya yi masa fatan samun sauƙi, ya ce ya je asibiti.

Auta ta sauke hoton ƙarshe, ta buɗe shi kamar yadda ta saba. Ta ja ma'aunin ja zuwa sama. Ba abin da ya canza. Ta ja shi har ƙarshe. Duniyar tana nan toka-toka, tabon wuri ne kawai da ya ɗan fi duhu. Bai ɗauka ta jan gilashin da ta karce masa ba, bai ɗauka ta koren ba. Babu launin da za a fito da shi, don ba a sa shi a ciki ba.

Haka yake ganinsa ke nan. Haka kuma ita take ganin komai tun ranar mararrabar kasuwa. Shi ya hau saman bene shekara da shekaru yana bin abin da ba zai taɓa gani ba, ya sami mai gaya masa, ita kuma ta tsaya a bakin labule ta ce duk ɗaya.

Wani abu ya taso mata. Ta ɗauka tari ne. Da ya fito, sai ta ji wata murya mara daɗi, irin ta yaron da aka manta a kasuwa, kuma tata ce. Ta kifa kai a kan tebur ta yi kukan Yaya, da na gyalen, da na mutumin da ya tura babur da hannu. Likita ya fito da gudu, ya dubi fuskarta, ya dubi kwamfutar, ya tsaya turus.

"Likita, ka yi haƙuri," ta ce tana shessheƙa. "Kar ka turo kowa."

Ya cire tabaransa ya goge, ya mayar. "Je ki gida," kawai ya ce.

Baba yana kan keke yana ɗinki ta faɗo shagon, fuska jiƙe, ɗankwali a karkace. Ƙafarsa ta tsaya a kan feda.

"Wa ya mutu?"

"Yaya," ta ce. "Yaya ta mutu, Baba."

Umma ta fito daga cikin gida ta tsaya riƙe da ludayi.

"Kuma ba ɗaya ba ne. Ƙarya na yi. Wancan direban yana ganin ja sarai, waya yake dannawa, kowa ya faɗa. Wannan kuwa ka ajiye masa zare, yana iya canka, ya gaya maka gaskiya alhali ya san za ka kore shi. Shi nake so, Baba. Ina son sa, kuma zafi nake ji. Ka ji? Zafi nake ji."

Baba ya daɗe yana kallon ta. Shi da ya ɗauka 'ya ɗaya ya binne, sai yau ya gane tun ranar bai ji muryar ɗayar ba. Umma ta ajiye ludayin a kan atamfar mutane ta rungume 'yarta, suka zube a ƙasa su biyu.

"A kira shi," in ji Baba, yana goge ido da ƙyallen da yake ɗinkawa.

Auta ta rubuta wa Mai Lif: "Hotonka ba kyau. Ka mayar da gilasan."

Amsa ta zo nan take: "Wa zai duba min?"

"Idonka. Baba yana kira."

A ƙafa ya zo, da jakar aiki a kafaɗa, gumi sharkaf. Baba ya leƙa waje.

"Ina babur ɗin?"

"Tun ranar ban sake hawa ba, Baba. Bas nake shiga. Na ga in har abin zai hana uba barci, bai kamata in hau ba, ko an ba ni ita ko ba a ba ni ba."

Baba ya yi gyaran murya, ya tura zaren nan biyu cikin aljihun keke ya rufe. "To ka turo manyanka. Amma sayen tumatir, ita za ta riƙa yi."

Aka ɗaura aure ba da daɗewa ba. Gwaggo ta fi kowa kai da kawo, tana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa ita ta sa ranta a akwatin ƙarfe don wannan auren. Likita ya aiko da ƙyallen goge gilashi kwali guda, bai zo ba. Baba ya dafa kan su biyun ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya tsare min ku a kan kowace hanya, ya ba ku zuriya mai albarka." Aka amsa da amin. Sannan ya miƙa wa ango wani ƙunshi, rigar madubin hangen nesa ce da ya ɗinka da hannunsa, da aljihu uku na gilasai.

"Ja ce," ya ce masa. "Na gaya maka ne don kar ka tambayi kowa."

Ba a ce Auta ta warke rana ɗaya ba. Akwai ranakun da takan tashi fayau kamar da, ya haɗa mata shayi ya bar ta. Amma yanzu tana gaya masa in sun zo, kuma suna wucewa.

Yammacin farko da suka hau saman benen a matsayin miji da mata, ya cire jar rigar, ya saita madubin, ya ɗauki bidiyonsa ta gilasan uku yana shafa gefensu da yatsa. Da hoton ya haɗu sai ya yi ihu. Farin ɗigon ya ɓullo ta ɗaya gefen babbar guguwar. Ya ɗan rage girma, gefensa ya yage, amma yana nan yana tafiya.

"Na gaya miki ina bayan ƙaramin!"

Ya haɗa launin iri biyu, ya jera su a kan kwamfuta, ya matsa mata.

"Wanne za mu tura, Idona? Ni dai a wurina duk ɗaya ne."

Ta harare shi, ta ja kujera, ta kwantar da kai a kafaɗarsa.

"Ba ɗaya ba ne," ta ce. "Na hagu. Matsa in nuna maka dalili."